Kasuwar Ƙofar Gida a Amurka

A ƙarshen watan Yuli na sauka Sinsinati, wani birni da ke bakin kogi a jihar Ohayo ta Amurka. Na baro Ɗanzomo damina ta kankama, ana ta maimai a gonakin gero, na tarar da can ma ko'ina kore shar, ga zafi mai sa gumi. Wani ɗan gajeren horo ne ya kai ni. Mai masaukina Alhaji ne mutumin Dungas, maƙwabtanmu na tsallaken iyakar Maigatari, wanda tun yana yaro yake rako mahaifinsa kasuwar Alhamis da tumaki. Ya daɗe a Amurka da iyalinsa, yana tuƙa babbar mota a wani kamfanin dakon kaya. Tun a filin jirgi da ya ji bakina ya ce, "Malam, ai ba sai an faɗa ba, wannan Hausar ta ƙasar Lautai ce." Daga nan muka zama 'yan gida ɗaya.

Ranar Asabar bayan sallar asuba ya ce in shirya mu je kasuwa. Ba mu yi nisa ba ya karya kwana cikin wata unguwa tsit, sai ga wani gida an fito da kaya an baje a kan ciyawar ƙofar gida. Ga kujeru, ga gadon yara, ga fanka da tukwane, takalma a jere, littattafai cikin kwali, har da labule. Mai gidan da matarsa suna zaune a kujerun roba suna shan kofi. Gabana ya faɗi. Na ce, "Inna lillahi! Alhaji, korarsu aka yi daga haya, ko kotu ce ta sa a yi gwanjon kayan?" Ya ce, "Ko ɗaya, Malam. Gidansu ne na kansu, ga motocinsu can a ajiye. Kayan ne suka yi musu yawa." Na duba gaba, sai ga wani gidan ma haka, ga wani can. A kowace mahaɗa an kafa kwali da rubutun hannu, da kibiya tana nuna layin da ake cin wata kasuwar.

Na daɗe ban ce uffan ba, domin a wurinmu ba a haka. Mace a Ɗanzomo ko Gumel in buƙata ta taso mata, ta suna ko ta bikin ƙanwa, ba za ta fito da kwanukanta waje ba. Dillaliya take aika wa. Dillaliya ta zo da almuru, ta ƙunshe atamfar ko tasar cikin mayafi, ta shiga da ita gida-gida, kuma ko an matsa mata ba ta faɗin mai kayan. In ciniki ya faɗa ta cire la'adarta ta kawo saura. Sana'a ce ta rufin asiri, ina kuma ganin girmanta. Sai dai kunya ce ta haife ta, saboda a wajenmu sayar da kayan ɗaki alama ce ta an shiga wani hali. Magidanci ma ya gwammace rediyonsa ta ruɓe a ƙarƙashin gado da a ce an gan shi da ita a kasuwa. Matar gidan nan na Sinsinati kuwa da fara'a ta tarbe mu, ta ce yaranta sun girma sun bar gida, me za ta yi da gadon yara? Ko alamar jin nauyi babu a fuskarta. Kowane kaya an manna masa 'yar takarda, wannan dala 1, wancan dala 3, wani rabin dala. A gefe ga kwali an rubuta cewa duk abin da ke ciki kyauta ne. Jikarta na bakin hanya da ɗan teburi tana sayar da ruwan lemon tsami mai sanyi. Wallahi abin ya burge ni.

Alhaji bai tsaya kallon kujeru ba. Teburin kayan girki ya nufa, ya ɗaga wani baƙin kaskon ƙarfe da tsatsa ta ci bakinsa, irin wanda a gida sai dai a miƙa wa ɗan gwangwan. Ya kifa shi, ya goge gindin da babban yatsa, ya nuna mini tambari: da'ira ce da gicciye a tsakiya, an rubuta Griswold. Ya ɗora shi a kan teburi ya taɓa gefe ya ga ko yana rawa, ya ƙwanƙwasa da makulli ya kasa kunne ko akwai tsaga, sannan ya ja gefe ya duba waya. Dala 5 aka rubuta, dala 5 ya biya, bai nemi ragi ba.

A mota ya yi mini bayani. Kamfanin Griswold a garin Erie na jihar Fensilbaniya yake, an rufe masana'antarsa a can tun 1957. Kaskonsa ya fi na yanzu santsi da rashin nauyi, don haka masu girki da masu tara kayan da suna biya da tsada. Abin da ya duba a waya kuwa kasuwar eBay ce. Ya ce, "Malam, kada ka kalli kuɗin da mai kaya ya sa. Kowa na iya sa wa akuyarsa kuɗin raƙumi. Ka duba wanda aka riga aka saya, nawa aka biya." Akwai wurin da ake latsawa a ga cinikin da ya faɗa a watannin baya, da hoto da farashi da kwanan wata. Ya nuna mini irin kaskon nasa an yi ta saye tsakanin dala 60 da 90.

Nan take dillalan kara na Maigatari suka faɗo mini a rai. Dillali ya kalli sa sau ɗaya, ya dafa tozo, ya buɗe baki ya ga haƙora, ya faɗi kuɗin da ba zai wuce ba, domin ya san yadda aka sayar da irinsa makon jiya. Wannan sani shekaru ake yi ana tsintarsa a bayan uba ko ubangida. A Amurka an zuba shi a waya, kowa na iya dubawa. Amma ido da kunne suna nan a matsayinsu, don waya ba ta jin tsagar kasko.

Ashe duk wannan somin taɓi ne. Ranar Alhamis ta farko a watan Agusta, ranar da a gida motoci ke kwasar jama'a zuwa Maigatari, Alhaji ya ɗauki hutu, ya cire kujerun bayan motarsa, muka hau titi mai lamba 127. A kan wannan titi ake cin kasuwar ƙofar gida da suke yi wa kirari da mafi tsawo a duniya. Tsawonta mil 690 ne, kimanin kilomita 1,100, kusan tafiyar Kano zuwa Legas. Ta faro daga Addison a jihar Mishigan, ta ratsa Ohayo da Kentaki da Tenesi da Jojiya, ta tuƙe a Gadsden ta jihar Alabama. Sau ɗaya take ci a shekara, daga Alhamis zuwa Lahadi. A 1987 aka fara ta, kuma dalilin ya ba ni sha'awa ƙwarai. Manyan tagwayen hanyoyi ne suka ɗauke matafiya daga ƙananan garuruwa, sai shugaban gundumar Fentress ta Tenesi a lokacin, Mike Walker, ya kawo dabarar da za ta dawo da mutane tsohuwar hanya. Har yau garin Jamestown na wannan gunduma ne cibiyar kasuwar. Duk wanda ya san yadda garuruwan bakin layin dogo irin su Gagarawa suka yi sanyi bayan jirgin Kano zuwa Nguru ya ja da baya, zai gane ciwon da mutanen nan suka nema wa magani.

Muka haye gadar kogin Ohayo muka shiga Kentaki ta garin Covington. Daga nan fa ido ya rasa inda zai tsaya. Manoma sun buɗe filayensu, sun yanka wa 'yan kasuwa wuri suna karɓar kuɗin haya, rumfunan tamfol sun cika gonaki. Harabar coci kaya, filin makaranta kaya, gidan mai kaya. Motoci sun yi jerin gwano suna tafiyar hawainiya, wasu da tirela a baya an ɗaure kabad da tsofaffin ƙofofi. Na ga garmar doki, na ga fitilun ƙwai irin namu sak, na ga faya-fayan garmaho da injin niƙa na hannu da tsofaffin lambobin mota an cika buhu da su. Abin da ya fi ɗaure mini kai kwalaben lemo ne, wayam babu komai a ciki, amma kowace da farashinta. Na tambayi mai su me ake zubawa a ciki. Ya ce ba a zuba komai, a kan kanta ake jera su a falo a riƙa kallo. Sai na ga ai iyayenmu mata ma da suke jeren samira da kwalla a ɗaki, ba don a ci tuwo a ciki suke yi ba.

Maigatari babbar kasuwa ce, babu mai musu. Raƙuma da shanu na shigowa daga Nijar, manyan motoci na lodi zuwa kudu, amma mutum na iya zagaye ta da ƙafa a yini guda. Wannan kuwa mun wuce Frankfort, babban birnin Kentaki, mun yi ta tafiya har rana ta yi sanyi, ba mu ci rubu'inta ba. Ga shi kuma babu hayaniya. Babu mai jan rigarka, babu ɗan kamasho. Ana taya kaya, amma cikin sanyi. Ka ce za ta karɓi dala 10? Ta ce 12. Shi ke nan an gama. A bakin wata gona muka tarar da teburi shaƙe da tumatir da masara da 'yan tarkace, babu kowa a wurin sai gwangwani da takarda cewa ka ɗauka ka saka kuɗin. Ina ta waige-waige ko mai kayan na laɓe a wani wuri. Alhaji ya ɗauki abin da yake so, ya saka kuɗi, ya ɗebi canjinsa da hannunsa, muka wuce. Da azahar ta yi muka nemi inuwa a gefen wani gida, mai gidan ya fito ya nuna mana famfo, ya ce mu yi ibadarmu a natse.

A wani ƙauye can gaba muka tsaya gidan wata tsohuwa. A ƙarƙashin teburinta akwai ɗan baƙin akwati mai mariƙi. Alhaji ya buɗe, sai ga keken ɗinki Singer, ɗan ƙarami, baƙi da zanen ruwan zinare, nauyinsa kamar kilo 5. Ni da na tashi ina ganin Singer da Butterfly a rumfunan teloli na kasuwar Gumel ban taɓa ganin irinsa ba. Samfurin da ake kira Featherweight ne, wanda aka fara ƙerawa a 1933, kuma mata masu ɗinkin bargon haɗe-haɗe suna nemansa ruwa a jallo. Tsohuwar dala 20 ta rubuta. Alhaji ya murza hannun keken, allura ta hau ta sauka lafiya lau. Ya ɗan yi shiru. Sai na ji ya ce mata, "Iya, wannan keken ya fi ƙarfin abin da kika rubuta. Ɗaruruwan daloli ake sayar da irinsa. Ni sayarwa zan yi, zan iya ba ki 150. In kuma kin fi so, ki ajiye jikokinki su sa miki shi a intanet." Ta riƙe baki. Ta ce na mahaifiyarta ne, ba ta san ya kai haka ba. Ta karɓi kuɗin, ta ƙara masa da kwalin zare da allurai.

Wannan ya taɓo wata damuwa da nake ɗauke da ita tun ranar kasko. Sana'ar nan dukkanta a kan abu guda take tsaye: kai ka san darajar kaya, mai shi bai sani ba ko bai damu ba. To ina iyakar gwaninta, ina kuma mafarin cin haƙƙi? Na tambayi Alhaji a hanya. Ya ce, "Malam, ga abin da na ɗaura wa kaina. Ba na kushe kaya don in karya shi. In aka tambaye ni ba na ƙarya. Wanda ya fito da tarkace don ya huta da su, in biya shi abin da ya sa, Allah ya ba ni rabona. Amma in na ga tsoho ko mabuƙaci zai yi babbar asara saboda rashin sani, sai in faɗa masa." Ba duk 'yan sana'ar ke haka ba. Na ga masu fisgar kaya su yi mota da sauri kafin mai shi ya farga. Ni dai na gamsu da ma'aunin Alhaji, kuma shi zan so ɗana ya riƙe in ya shiga kasuwa.

Rabin aikin a gareji yake, a nan kuwa Hajiya, matar Alhaji, ce shugaba. Ita ta jiƙa kaskon nan cikin ruwan khal, ta dirje shi da soson ƙarfe, ta shafa masa mai ta gasa shi har ya yi baƙi wuluk yana sheƙi. Ta shimfiɗa farin ƙyalle kusa da taga, ta ɗauki hotonsa ta ciki, ta baya, ta gefe, ta aza shi a sikeli, ta auna faɗinsa da tef. Akwai wani ɗan tabo a bakinsa da ni ban ma lura da shi ba, ta matso da waya ta ɗauke shi shi kaɗai. Ta ce, "Malam, aibin nake fara ɗauka. In ka ɓoye, mai saye zai dawo da kaya, kuma ya rubuta a shafinka kowa ya gani." Kowane mai sayarwa yana da wurin da masu saye ke rubuta shaida a kansa, ta alheri ko akasin haka, kuma shaidar tana bin sa shekara da shekaru. A Maigatari dillali ke tsaya wa baƙo, ya ce na san shi, sansa ba na sata ba ne. A eBay kuwa dubban mutanen da ba su taɓa ganin fuskarka ba su ke tsaya maka. Bayyana aibin kaya abu ne da malamai ke karantar da mu tun muna yara, sai ga shi na tarar an mai da shi dokar kasuwa.

Ita kanta eBay da irin wannan gaskiyar ta fara. Wani mai suna Pierre Omidyar, haifaffen Faris ɗan asalin Iran, shi ya buɗe ta a 1995, kuma abin da ya fara sayarwa wata 'yar tocila ce mai jan haske da ake nuni da ita a allo. Ya rubuta ƙarara cewa ta lalace, amma aka saya a kan dala 14.83.

Hajiya ta buɗe mini littafin lissafinta. A lokacin eBay tana cire la'adarta, wajen kashi 13 cikin ɗari a yawancin kaya. Ga kuɗin aikawa, ga kwali, ga man mota, ga haraji a ƙarshen shekara. Kaskon ya tafi a dala 75, amma bayan an cire komai abin da ya rage bai kai 50 ba. Ta kuma nuna mini wata kanta cike da kayan da suka yi kwantai, wasu sun shekara babu wanda ya taya. Wani mako ciniki ya buɗe, wani mako shiru. Duk da haka da ribar gareji suke aika kuɗin taki da na makarantar 'ya'yan ƙannen Alhaji a Dungas.

Aikawar ce ta ƙara ba ni mamaki. A gida suke buga takardar adireshi su manna a kwali, su ajiye a bakin ƙofa, ma'aikacin gidan waya ya zo ya ɗauka. Kowane gida da lambarsa, kowane kwali da lambar da ake bin sawunsa a waya har ya isa. Mu kuwa sai a kai tasha a ba direba, a karɓi lambarsa, a yini ana kira ana tambaya ko ya iso. Kaya masu nauyi irin su kabad a kasuwar Facebook suke sa su, wadda aka buɗe a 2016, mai saye ya zo da kansa. Ina kuwa ake haɗuwa? Alhaji ya kai ni harabar wani ofishin 'yan sanda, ya nuna mini wuri an shata shi da fenti, an kafa allo da kyamara, musamman don masu ciniki ta intanet su yi musaya cikin aminci. Na tsaya ina kallon allon nan ina mamakin wanda ya yi wannan tunani.

Na tambayi Alhaji ina ake kai abin da bai sayu ba in kasuwa ta tashi. Ya ce da yawa sadaka ake yi da shi ga shagunan taimako irin su Goodwill, wadda wani fasto mai suna Edgar Helms ya kafa a Boston a 1902. Abin da bai sayu a shagon ba sai a kai wani babban sito, a zuba cikin manyan kwatarniyoyin roba masu taya, a riƙa sayarwa bisa awon sikeli. Mun je. 'Yan sana'a sun yi layi da safar hannu, ana turo sabon kaya su rufa a kai. Ta wata ƙofa a baya na hango tufafi an matse su an ɗaure tamau, ban buƙaci kowa ya gaya mini ba. Dila ce. Irinta ake fasawa a Ƙofar Wambai a Kano, bayan ta biyo ta Kwatano, tunda tufafin gwanjo suna cikin kayan da dokar kwastan ta Najeriya ta hana shigowa da su. Daga Wambai ta watsu kasuwannin ƙauye, mu saya wa yara rigunan sanyi da hunturu. Kafin ta iso hannunmu an tsince ta a ƙofar gida, an tsince ta a shago, an tsince ta a sito, amma har yanzu mutane da yawa ke cin abinci da ragowar.

Mu ma ba a bar mu a baya can ba. Matan aure suna tallar atamfa da kayan kicin ta WhatsApp, a Kano da Abuja akwai shafukan Instagram da ba su da aiki sai sayar da kayan gida na hannu, ga Jiji, ga OPay da Moniepoint sun sauƙaƙa biyan kuɗi har a ƙauye. Abin da na ga Amurkawa sun fi mu da shi shi ne sun san darajar tsohon abu, kuma ba sa jin kunyar fito da shi. Tasoshin kakanninmu nawa aka ɗora a sikeli aka ba ɗan gwangwan bisa kilo? Ina akussan nan, ina gadajen ƙarfe masu rumfa, ina kekunan Raleigh, ina tsofaffin sirada da likkafu na ƙasar da ta shahara da doki? Ba ina nufin littattafan malamai na rubutun hannu ko kayan tarihin masarauta ba. Waɗannan ba na sayarwa ba ne, doka ma ta hana fitar da su daga ƙasa ba tare da izinin hukumar gidajen tarihi ba. Kayan yau da kullum nake nufi, waɗanda gara da tsatsa ke cinyewa a ɗakunan ajiya.

Samarinmu na Ɗanzomo da Sule Tankarkar da Gumel da ke yini da waya a hannu, ku nemi dillaliyar unguwarku ku zauna da ita. Ta san gidaje, ta san kaya, ta san riƙe sirri, ku kuma kun san hoto da intanet. Ku wanke kaya, ku faɗi aibinsa, ku rubuta abin da aka sayar da nawa aka biya. Ku kuma iyayenmu mata, in ɗan gwangwan ya yi sallama da sikelinsa, ku dakata tukuna. A ɗauki hoton tasar a aika wa wanda ya san Kasuwar Kurmi, a ji kuɗinta kafin a ɗora ta a kan awo.